Malamin Horon da Ya Ajiye Bulala

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, matarka ta kira ni ta ce, "Malam ya cika." Na amsa mata da cewa dukanmu na Allah ne, kuma can za mu tarar da kai. Shekarunka sittin da takwas. Ciwon ƙoda ne sanadi, bayan jinyar wata huɗu.

Ba da daɗi muka fara ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, hukumar birni ta ɗauke ni aikin kula da walwalar yara, ta tura ni makarantu in yi wa malamai bayanin wani sabon tsari. Tsarin ba shi da wuyar faɗa. Yaron da ya tashi cikin duka, ko faɗan iyaye, ko gidan da ake shaye-shaye, abin yakan bi shi har girma, ya taɓa karatunsa da lafiyarsa. Saboda haka kafin a hukunta shi, a fara sanin halin da ya baro a gida.

Kai ne malamin horo a babbar makarantar da ke bayan tashar mota. Ɗalibai suna kiran ka Agogo, domin bakwai da rabi na cika kake rufe ƙofa. Ranar da na zo, ka zauna a kujerar baya da bulala a kan cinya. Da na gama, ka ɗaga hannu.

"'Yata, kin taɓa riƙe aji mai yara saba'in?"

Na ce ban taɓa ba.

"To, je ki riƙe, ki dawo mu yi magana."

Malamai suka kwashe da dariya. Na tattara takarduna na tafi.

Bayan wata biyar sai ga ka a ofishina, hannu rabbana. Ka zauna ka ba ni labarin wata yarinya 'yar aji biyu da ta yi kwana tara a jere tana makara. Kullum ka zane ta, kullum ta wuce aji ba kuka ba magana. Rana ta goma ba ta zo ba. Da aka yi mako biyu, ka duba rajista ka bi adireshin. Wata maƙwabciya ce ta gaya maka cewa uban ya yi wa uwar dukan da ya kwantar da ita, ya gudu. Yarinyar ce ke mata wanka, ta ciyar da ƙannenta biyu, sannan ta kamo hanyar makaranta. Uwar ta rasu, dangi sun raba yaran sun tafi da su. Ka yi cigiya har ka gaji, ba ka gano inda aka kai ta ba.

Ka ce, "Sau tara ta tsaya a gabana. Ko sau ɗaya ban tambaye ta lafiya ba." Sannan ka gyara zama. "Sake mini bayanin nan naki, a hankali."

Daga nan ka shiga kwamitinmu na walwalar yara. Shawararka ce ta haifar da 'yar takardar da yanzu kowace makaranta ta sani. Idan 'yan sanda, ko asibiti, ko kotu suka ga wani abu ya faru a gidan da ke da yaro, sai su aika wa makarantarsa sunansa da ajinsa, da kalma biyu: a lallaɓa. Wasu a zauren hukuma sun so a rubuta har abin da ya faru. Ka ƙi. Ka ce, "Na san ɗakin malamai. Kafin a tashi, har mai alawar bakin ƙofa ta ji." Kai ka kwashe karyayyun kujeru daga tsohon sito, ka sa tabarma da ruwan sha, domin yaron da kansa ya ɗau zafi ya sami wurin zama ya huce. Ba ka daina rufe babbar ƙofa a kan lokaci ba, amma kana barin ƙaramar a buɗe, ka tsaya a wurin kana tambaya. Ɗalibai suka ce Agogo ya lalace. Da ka ji, ka ce gyara shi aka yi.

Ba ko'ina tsarin ya zauna ba. Akwai makarantun da takardun ke kwana a aljihun tebur, akwai ofisoshin da sai an yi ta tuni. Kai ma ba ka zama mai sanyin hali ba. Malamin da ya makara yana jin ta bakinka. Amma a inda aka riƙe abin, korar ɗalibai ta ragu, kuma yaran da da sun ɓace sun gama karatu.

Bayan ka yi ritaya, ka koma zama da iyaye maza duk Asabar a zauren jiran ƙaramin asibiti. Kakan fara da cewa, "Duk ɗakin nan ba wanda ya kai ni dukan yara." Wata rana wani makaniki ya ce, "Malam, mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane." Ka dube shi ka ce, "Yaushe rabonka da zama hira da mahaifinka?" Asabar ta gaba makanikin ya dawo.

A lokacin ban san tambayar ta shafe ka ba. Daga baya matarka ta gaya mini cewa babban ɗanku, mai aikin wayar lantarki, ya shekara bakwai bai taka gidan ba. Da bulalar nan ka raine shi. Ka rubuta masa wasiƙa uku, bai mayar da ko ɗaya ba.

Mako biyu kafin rasuwarka na je duba ka a asibiti. Na tarar da wani magidanci tsaye a kanka da reza da kwanon ruwa, yana yi maka gyaran fuska. Matarka ta raɗa mini, "Babban ne." Ba ku kalli juna ba. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Baba, ɗaga haɓarka." Ka ɗaga. Ban san abin da kuka faɗa wa juna bayan na fita ba, ban kuma tambaya ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da malaman da kuka yi aiki tare. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Kai kuma, Malam, Allah Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ka manta, Ya karɓi tubanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yi maka hisabi mai sauƙi. Amin.