Iskar Da Nake Bincike Ita Ta Sa Aka Sa Mini Mari

A shekarun farko na Jihar Kebbi ni matashin malamin kimiyya ne a wata sakandare a Jega, na kuma samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje. Bincikena a kan garkunan taurari ne, irin masu murɗaɗɗun hannuwa kamar guguwa. Akwai iskar gas a tsakanin taurarin, daga gare ta ake samun sababbi. Idan garke ya faɗa cikin cincirindon wasu garkunan, sai iskarsa ta hargitse, wata ma a fizge ta. Wannan hargitsin nake son aunawa. A gida ban taɓa yi wa kowa bayani ba, abin da suka sani kawai ina karatun sama.

Ana saura kaɗan in tafi, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni. An ce na yi ta sambatu, ina cewa iska ta hargitse, ana fizge ta, a tare ta. Inna ta tsorata, ta aika aka kira kawuna, mahauci ne a kasuwar Jega. Ya saurara, ya ce ba ciwon asibiti ba ne, iskoki ne, tunda ga shi da bakina nake faɗa. Aka sa ni a motar albasa da ta fito daga Aliero, aka kai ni gidan wani mai magani a bayan Maiyama.

Da zazzaɓin ya sauka na farka an ɗaure ni da mari a ƙafa. Na yi wa mai maganin bayani a tsanake, cewa iskar gas nake nufi, kuma tana can nesa tsakanin taurari. Ya gyaɗa kai, ya ce da almajiransa manyan iskoki ne suka kama ni, na sama, a ƙara hayaƙi. Duk bayanin da na yi sai ya zame mini ƙarin shaida. Daga nan na daina magana. Shirun ne suka ɗauka sauƙi, suka sake ni bayan an gama girbi.

Gurbin ya riga ya wuce. Na koma aji, ban sake taɓa binciken ba. Da ajalin kawu ya matso ya nemi gafarata, na ce na yafe, ban kuwa ji komai a raina ba.

Abin da na koya, mai karatu ya zauna da iyayensa tun yana lafiya, ya fahimtar da su abin da yake yi da harshen da suke ji. Ku kuma iyaye, idan mai zazzaɓi ya yi sambatu, a fara kai shi asibiti. Ƙauna ce ta sa nawa suka ɗaure ni, shi ya sa har yau ban samu wanda zan yi fushi da shi ba.