Yaushe Rabon da Ki Zuba Masa Abinci?

Mai Jaka ake ce mata a unguwa, saboda tsohuwar jakar takardun da ba ta rabuwa da ita. Shekara tara tana bi gida-gida tana cike fom ɗin wani ofishin bincike, wanda ke son sanin yawan mazan da ke tafiya neman aiki na 'yan watanni su dawo. Da wannan aikin take riƙe da 'ya'yanta uku.

Tambayar fom ɗin ita ce: "Maigidan yana nan, ko ya tashi?" To wace mace ce za ta buɗi baki ta ce mijinta ya tashi, ga takalmansa a ƙarƙashin gado? Kowacce sai ta ce yana nan. A takarda dai, babu mai zuwa ko'ina.

Wata tsohuwa mai wankau ce ta buɗe mata ido. "'Yar nan, ba haka ake tambaya ba. Ki ce, yaushe rabon da ki zuba masa abinci?" Har gobe Mai Jaka ba ta wuce ƙofar tsohuwar nan ba tare da ta shiga ta gaishe ta, ta taya ta shanya ba.

Daga ranar sakamakonta ya bambanta da na kowa. Abokan aikinta su kawo matafiya biyu ko uku, ita ta kawo arba'in. Shugaban ofis ya kira ta, ya ce ko dai ƙirƙira take yi, ko ba ta iya aikin ba, ƙarshen wata ta ajiye jakar. Ta roƙe shi ya bi ta gida ɗaya tak.

Suka zauna kan benci a gidan wani magini. Shugaba ya karanta tambayar fom da kansa.

"Yana nan, ranka ya daɗe," in ji matar maginin.

Mai Jaka ta yi tata tambayar. Matar ta ƙirga da yatsu. "Wata huɗu ke nan. Yana can wajen ginin gada. Kwanonsa ma ya yi ƙura."

Shugaba ya miƙe, suka fito suka shiga mota. Can ya ce, "Gobe ki koya wa sauran."

Ta yi hamdala a zuci, hawaye na neman tona mata asiri. Shi kuwa ya riƙe sitiyari, bai tayar da motar ba.

"Ni ma da za a tambayi matata, cewa za ta yi ina nan," ya ce. "Wata biyar rabona da gida."