Kwamfutar da Take Jiran Manaja

Wata Litinin ce a farkon damina, da hantsi, a reshen wani kamfanin sayar da taki da iri a Kazaure. Mu uku ne a ofishin Manaja: Manaja, da injiniyan da hedikwata ta turo daga Kano, da ni, sabon akawu da aka ɗauka gwaji. An shaida mini tun farko cewa zuwa aiki a kan lokaci shi ne abin da za a fara dubawa kafin a tabbatar da ni.

Na'urar dangwala yatsa injiniyan ya kawo, wadda za ta riƙa aika wa Kano lokacin isowar kowa. Manhajarta ba ta buɗewa sai da izinin mai iko da kwamfutar, lambar sirrin kuwa Manaja kaɗai ya san ta.

"Yallaɓai, a sa mini lambar sau ɗaya tak," in ji injiniyan. "Zan tsara ta yadda da an kunna kwamfuta manhajar za ta tashi da cikakken izininta. Ba sai an jira kowa ba."

Manaja ya gyara zaman hularsa. "Ba sai an jira kowa ba? A ofishina?"

"Ai sauƙi ne ga ma'aikata."

"Malam, abin da ya buɗe kansa yau, gobe sito zai buɗe. Bar ta yadda take."

Injiniyan yana da motar da zai bi. Ya naɗe wayoyinsa ya tafi.

Daga Roni nake tasowa a kan babur, wata rana cikin ruwa. Kafin takwas na iso, na kunna kwamfuta, wani ɗan akwati ya fito a fuskarta yana neman lambar sirri. Sai mu zauna, ni da sauran ma'aikata, muna kallonsa. Gidan Manaja yana bayan ofis, amma sai rana ta ɗaga sosai yake bayyana, yana sakace.

Sa lambar ma biki ne. Sai ya ce mu juya baya. Ya baza hannun babbar rigarsa ya rufe madannai, ya riƙa tsintar haruffan da yatsa ɗaya. Sau da yawa yakan kuskure, ya yi tsaki, ya ce kwamfutar ce ta tsufa. In ta buɗe, mu yi layi mu dangwala. Shi ba ya dangwalawa. Manajoji ba sa cikin tsarin.

Da na ga wata ya shuɗe, na same shi.

"Ranka ya daɗe, na'urar nan kullum a makare take rubuta mu."

"Ba ni ne Manaja ba? Na san kuna zuwa. Je ka yi aikinka."

Ranar da Kano suka kira suna tambayar dalilin da ya sa reshe guda cur ba ya zuwa aiki da wuri, ina tsaye a gaban teburinsa da takardu a hannu. Ya dube ni, ya mayar da hankali kan wayar.

"Wallahi Yallaɓai, yaran yanzu sai haƙuri. Na yi faɗa har na gaji."

Da lokacin gwajina ya cika, ba a tabbatar da ni ba, wai saboda makara. Wani mutumin Babura aka ɗauka a gurbina. Na haɗu da shi a tasha bayan an yi girbi, ya ce shi ma an ba shi takardar gargaɗi kan makara.