Kambun Kawuna

Duk lokacin da na bi ta gaban rumfar baduku a hanyata ta zuwa ajin manya, ƙamshin sabuwar fata sai ya tsayar da ni. Kawuna nake tunawa, ƙanin mahaifiyata.

Daga ƙauye aka kawo shi gidanmu a Goron Dutse, don ya yi karatu a zauren kakana na wajen uba. Siriri ne mai yawan dariya, ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Da yaƙin basasa ya tashi aka fara ɗibar samari, sai ya ce shi ma ya ba da sunansa. Har yau ban san abin da ya ja shi ba.

Kakata ta ce, "Kai da kaza ke ba tsoro, kai ne soja?"

Ya ce, "Iya, ai can ba kaji za a tura mana ba."

Kakana bai hana shi ba. Ya zauna ya rubuta masa tsarin ƙarfe, kada harsashi ko wuƙa su ci jikinsa. Ni na kai takardar wurin baduku, na tsuguna ina kallo har ya ɗinke ta cikin jar fata. Ranar tafiya kakana ya ɗaura masa kambun a damtse, ya ce kada ya kuskura ya cire.

Da bazara, lokacin da ko tabarma zafi take yi, wani soja ya yi sallama da ƙunshin kaya a hannu. Abokin kawu ne a barikin horo. Ya ce sanƙarau ya kama kawu, Allah ya yi masa rasuwa, an binne shi a can.

Bayan addu'a kakana ya ce, "Kun kai bakin daga ne?"

"Malam, ko bindiga ba a ba mu ba, da sanduna muke fareti. Ɓoye ciwon ya yi. Ya ce allura ƙarfe ce, karyewa za ta yi a jikinsa, a gane kambun a ƙwace. Sai da ya faɗi muka ɗauke shi."

Kakana ya zaro kambun daga cikin kayan, ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa.

"Da aka yi masa allurar, ta shiga?"

"Ta shiga, Malam. An dai makara."

Daga ranar bai sake rubuta wa kowa tsarin ƙarfe ba. Iyayen sojoji sun yi ta zuwa, sai ya yi musu addu'a kawai ya sallame su.

Yanzu zauren ya zama shagon cajin waya. Kwanan baya na kai jikata rigakafi, na zuba wa allurar ido har ta shige damtsenta, yarinyar ta tsala kuka. A nan tambayar kakana ta dawo mini. Na yi ta tunanin wace amsa ya so ya ji, ta shiga ko ta karye. Ban samu wadda za ta bar shi ya yi barci ba.