Kabad Ɗin Baba Mai Walda

Duk wanda ya san Baba Mai Walda, da wuta ya san shi. Tun yana saurayi yake tsugune a bakin titi, tartsatsi na zuba a kan yatsun ƙafarsa, ko gezau ba ya yi. An taɓa ganinsa yana kashe wutar da ta kama rigarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun bai saki aiki ba. Gidansa komai ƙarfe ne, kuma aikin hannunsa: gado, kujeru, ƙofa, har abin rataye tawul. Abu ɗaya ne na katako, wani ƙaton kabad a ɗakin kwana, da ya sa kafinta ya yi masa da zurfi kamar za a ajiye saniya.

Maganar gaskiya, Baba tsoron tsawa yake yi, tsoro ba na wasa ba. Da hadari ya haɗu sai ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Bari in duba ko bango na yoyo ta bayan kabad." Ya shige ya ja ƙofa, ba a sake jin ɗuriyarsa sai ruwa ya ɗauke. Haka ya yi har ya aurar da 'ya'yansa duka, yana ganin ba wanda ya gano shi.

Wata rana da damina, 'yarsa Auta ta zo wuni da sabon mijinta, direban babbar mota, ƙato mai murya kamar injin motar. Tun safe Baba yake cika shi da labaran jarumtaka. Can da yamma gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana jijjiga tagogi, wuta ta ɗauke, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mama, matar Baba, da Auta da jikoki suka kwasa zuwa baranda, suna jera bokitai, suna tarar ruwa da tafin hannu, duk walƙiyar da ta haska sai su yi shewa.

Baba ya shiga uku. In suruki ya gan shi ƙunshe a cikin kabad, girman da ya wuni yana ginawa ya rushe. Ya ce a ransa yau dai zai daure. Ya zauna a kujerar falo, ya tuna ta ƙarfe ce, ya zabura. Ya jingina da ƙofa, ita ma ƙarfe. Ranar ya fara jin haushin sana'arsa. Sai ya ɗauko gilashin walda ya rufe fuska, ya ce wa jikoki wai ta haka walƙiya ta fi kyan gani.

Gilashi dai ba ya toshe kunne. Aka saki wata tsawa da ta sa kwanuka rawa a kicin, Baba bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi ɗaki ba. Ya fizge ƙofar kabad, sai ga mutum a ciki. Direba ne, ya naɗe kamar tabarma, ya cusa yatsu a kunne.

Suka tsaya kallon juna, ɗaya da gilashin walda, ɗaya da hawaye.

"Baba," in ji direba, murya na rawa, "yoyo nake dubawa. Mama ce ta ga ina zufa, ta ce nan ake dubawa."

Baba ya ɗaga gilashin a hankali. Sai a lokacin ya kalli kabad ɗin da kyau. Babu kaya ko ɗaya a ƙasansa, kuma ya tuna bai taɓa samun kaya a ciki ranar hadari ba. Filon da kullum yake tararwa, yana cewa sa'a ce, yau ya zama biyu.

Mama ta shigo jiƙe sharkaf, riƙe da kofuna biyu. "Masu duba yoyo, ga shayi."

"Tun yaushe kika sani?" Baba ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Tun daminarmu ta farko, maigida. Kana tsammanin kayan nan ƙafa gare su? Da na hango hadari nake kwashewa. Yara ma duk sun sani, su ke taya ni."

Kunya ta kama Baba, har ya ji kamar ya nutse. Sai kuma ya gane shekara da shekaru gidan nan kaf suna riƙe masa girmansa, ba wanda ya taɓa yi masa dariya a gabansa. Ya buɗe baki zai gode mata, sama ta sake tsagewa.

Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa ciki, shayin da ya karɓa a hannunta bai zube ba. "Matsa, ɗana," ya ce wa direba, "yoyon yau ya fi ƙarfin mutum ɗaya." Ya ja ƙofar, amma bai rufe ta duka ba. Ya bar 'yar kafa yadda zai riƙa jin dariyarsu daga baranda.