Taswirar Direba a Bayan Kwali

Da asuba na tarar da Direba a ɗakin hutunmu na sito, na'urar gem, wato wasan bidiyo, a kunne, yana zana taswira a bayan kwali. Shekara ashirin yana tuƙa motar kaya, bai taɓa tambayar hanya ba.

Gem ɗaya kacal na'urar take ɗauka. Sabon da ya fito ba shi da kibiya mai nuna hanya, duk inda ka so ka nufa. Dogo, shugaban 'yan dako, ya rantse ranar za a goge shi a dawo da tsohon.

Ya dubi Direba ya ce: "Fili ne kawai, Baba! Sai yawo kamar akuyar da ta tsinke!"

Ni surutu ya ishe ni, Direba kuwa ya ci gaba da zanensa. Da muka taru da rana, Direba ya shiga sabon gem ɗin, ya bi zanensa, ya haye kogi, ya zaga bayan dutse. Sai ga garin tsohon gem ɗin a cikin sabon, har da gadarsa!

Ɗakin ya kaure da ihu. Dogo ya haye benci: "Wallahi garinmu ne! Kada wanda ya goge!"

Direba ya miƙa masa kwalin, ya ɗauki makullin motarsa ya fita.