Ranar da Malam Ya Shiga Kasuwa da Rigar Fim

Mutanen da suka ɗaga sanda a kan mijina, da gaske sun yarda shi ne ya kai wa ɓarayi labari, ko kuwa sun san wasa ne, baƙin cikinsu ne ya rasa inda zai sauka? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi. Na kai ta wurin liman, ya ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ita ba ta bar ni ba. Maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, idan kuka ya zo ta ajiye biro ta jira ni.

Mijina ɗan kama ne, abin da yanzu ake ce wa mai barkwanci. Sana'arsa ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar mutane ya yi ta magana har su riƙe ciki. Yana da rawanin tsumma da carbin ƙwallon goruba, yakan gyara murya kamar babban malami ya yi wa'azi a kan falalar tuwon dawa da azabar da ke jiran wanda ya bar miya a kwano. A Kabo muke zaune, amma daga Durun har Gwarzo babu kasuwar da ba ta san muryarsa ba. Ni Malam nake ce masa, tun ana yi min dariya har aka saba. Shi kuma Hajiyar gobe yake ce min, wai kujerata ta Makka tana hanya.

Abin da ya sa wasansa yake kama mutane, ba ya ƙirƙirar gari ko hanya. Idan zai ba da labarin marowaci, sai ya zaunar da shi a gindin tsamiyar da kowa ya sani, ya bi da shi ta lungun da kowa yake bi. Haka ya koya wurin ubangidansa, haka ya yi shekara arba'in.

A wani biki a Gwarzo aka miƙa masa makirfo, ya yi abin da ya saba. Ashe a cikin baƙi akwai masu shirya fim daga Kano, irin mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk mako, na 'yan sanda da ɓarayin shanu. Bayan kwana biyu sai ga su a zaurenmu, sun durƙusa suna Baba kaza Baba kaza. Suna so ya fito a matsayin mai shayi na bakin tasha, wanda yake ba 'yan sanda dariya, amma a ɓoye shi ne yake buga wa ɓarayi waya. Ba shi ne babba a fim ɗin ba, fitowa ce 'yar kaɗan.

Da suka tafi na ce, "Malam, da furfurarka za ka zama ɓarawo?"

Ya ce, "Hajiyar gobe, ba ɓarawo ba, mai dafa wa ɓarawo shayi. Ke ba ki san matsayi ba. Ni har da madara."

Ranar ɗaukar fim suka ba shi takarda, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya mayar musu, don bai iya karatun boko ba. Daraktan ya ce ba komai, Baba, ka ɗauki waya kawai ka kwatanta wa ɓarayi hanya yadda ta zo bakinka. Sai ya yi yadda ya saba. Ya ce su bi ta bayan firamare, su tsallake rafi inda yashi ya yi tudu, za su ga kuka biyu a jere, garken yana bayansu, kuma su zo ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci. Bai ambaci sunan gari ba. Amma wurin yana nan, wani ƙauye ne a yamma da mu inda ya taɓa zuwa wasan suna. Mutanen Kano ba su sani ba, suka tafa masa.

Da aka nuna, a gidan maƙwabta masu sola muka kalla. Na ga mijina a cikin gilashi da shuɗiyar riga koɗaɗɗiya da buta a hannu, yana zuba wa ɗan sanda shayi yana ce masa ranka ya daɗe, yana juya baya yana murguɗa baki. Mata suka yi ta faɗuwa a kaina don dariya. A makon da aka kama shi a fim ɗin, an yi masa dukan taron dangi da sandunan soso, aka zuba masa ruwan zoɓo a ka. Ban iya kallon wannan ba, na rufe fuska da mayafi, yana gefe yana ce min matsoraciya. Rigar da butar sun bar masa kyauta.

Bayan an gama girbin gero, wata Juma'a, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen nan ana cikin huɗuba. Ta rafin suka bi. Suka tarar da wani dattijo da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci, suka harbe shi a inda yake zaune. Ɗansa ya riƙe igiyar sa ya ƙi saki, suka sare hannun da adda, suka ƙarasa shi a nan gindin kuka. Suka kora garken gaba ɗaya.

Ba a yi kwana uku ba wani ya yanko daga fim ɗin wurin da Malam yake waya. Ya cire kiɗan, ya cire ɗan sandan, ya cire duk abin dariya. Sai tsoho kawai a bayan rumfa yana raɗa, ku tsallake rafi, ku zo ranar Juma'a. Aka ɗora wata murya a kai tana cewa ga infoma an ɗauke shi bai sani ba. Daga wannan waya zuwa waccan, har ya zo wayar maƙwabcinmu. Har yau ban san wanda ya yanka ba.

Masu fim suka yi nasu bayanin suka saka a intanet, amma ba wanda ya tura wa wani. Matan da suke aiko sayen daddawata suka daina. Wata safiya na tarar an jefo mataccen kare ta kan katanga, an fasa masa kai. Wata rana kuma dutse ya faɗo tsakar gida ya fasa randa, ina tsaye kusa da ita. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce, "Malam, mu nan mun san ka. Amma ka tafi Kano wurin 'yarka har ƙura ta lafa. Na nesa ba su san ka ba."

Malam ya yi godiya ya raka shi ƙofa. Da ya dawo ya ce in ɗauko masa shuɗiyar rigar nan.

Na ce, "Ka yi me da ita?"

Ya ce, "Gobe kasuwa take ci. Zan saka ta in ɗauki butata in tsaya a tsakiyar mutane in sake yin wasan tun daga farko. Idan suka gani da idonsu, suka yi dariya, magana ta ƙare. Wanda ya yi maka dariya ba ya iya riƙe fushi da kai."

Na ce, "An kashe mutum biyu, Malam. Wannan ba rowar miya ba ce."

Ya ce, "In na gudu Kano na amsa laifi ke nan. Kya so a ce matar infoma ce take wucewa?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Na ce ko zai je, ya je da rawaninsa na tsumma, ya yi wa'azin tuwo, ya bar maganar rafi. Ya ce ai maganar rafin ce ciwon, ita za a matse. Ya ɗago ni yana cewa, "Tashi, Hajiyar gobe, gwiwar nan da ita za ki yi ɗawafi." Na ɓoye rigar a cikin buhun kalwa. Ya san gidan ya fi ni, washegari kafin in idar da sallar walaha ya saka ta.

Kasuwar ƙauye ce tsakaninmu da Gwarzo, ba zan faɗi sunanta ba. Na ɗauki faifan daddawata na bi shi, na zauna a layin tsofaffi inda na saba, ina hango shi. Ya tsaya kusa da ma'auna hatsi, ya ajiye buta, ya tafa hannu sau uku. Mutane suka fara taruwa, ana kallon juna. Ya zuba wa wani dillali shayin ƙarya, ya ce ranka ya daɗe, ya juya ya murguɗa baki. Wani ya tuntsire. Sai ya cire silifas ɗinsa ya kara a kunne a matsayin waya, yana hura shi wai babu sabis. Nan fa wuri ya ɗauka. Na ga ma'auni ya saki tiya yana dukan cinya. Wallahi a lokacin na ce a raina ashe ya fi ni gaskiya.

Abin da ba mu sani ba, mutanen ƙauyen nan suna cikin kasuwar. Sun zo kara suna duba shanun sayarwa ɗaya bayan ɗaya ko za su ga nasu. Dariyar ce ta jawo su. A cikinsu akwai wani dogo, ɗa ne ga dattijon da aka harbe, wan wanda aka sare. Ya iso daidai lokacin da Malam ya rage murya a cikin silifas yana cewa, ku tsallake rafi inda yashi ya yi tudu, za ku ga kuka biyu. Mutumin ya ji hanyar gidansu daga bakin tsohon da ya gani a waya, da rigar da ya gani a waya, ga jama'a suna ƙyaƙyata dariya.

Sai ya ɗaga gorarsa ya sauke. Ta sami Malam a gefen kai, na ji ƙarar daga inda nake, kamar an fasa ƙwarya. Sannan ya yi ihu, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Malam ya durƙusa, silifas ɗin yana hannunsa, ya ɗaga shi sama kamar zai nuna musu takalmi ne. Wani ya buge hannun, na ga ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Sai duwatsu. Sai itacen rumfa da aka zare. Wani ya ɗauki butar ya kwaɗa masa a fuska.

Na watsar da faifai na kutsa. Ina cewa fim ne, ku ji tsoron Allah, fim ne, mijina ne. Wani ya ture ni da gwiwar hannu a baki, haƙorana biyu suka zube a nan. Na rarrafa ta tsakanin ƙafafu na faɗa a kansa, sanda ta sauka a bayana, ta sake sauka, aka ja ni ta ƙafa aka jefar gefe. Daga ƙasa nake kallonsu. Dogon nan yana duka yana kuka, yana kiran babansa. Shi na fahimce shi, ko a ranar. Amma a bayansa na ga fuskokin da yanzun nan suke dariya. Na ga wanda Malam ya yi wasa a bikin 'yarsa, da dutse a hannu biyu. Hawayen dariya bai bushe a idonsa ba.

Sai na ji ana a kawo taya, a kawo fetur. Har an jefa masa tayar a wuya. Wani mahauci, Allah ya saka masa da alheri, ya tsallako da wuƙarsa ta aiki ya tsaya a kansa, ƙafa nan ƙafa can, ya ce duk wanda ya ƙyasta ashana sai ya farke cikinsa. Shi kaɗai ya riƙe su har 'yan sanda suka iso suka yi harbi sama. Kafin ka ce me, fili ya zama babu kowa, sai takalma da duwatsu da daddawata da aka tattake.

An kama wasu daga baya, ban je kotu ba, ina cikin takaba. Masu fim sun zo gaisuwa, daraktan ya kasa haɗa ido da ni. Na ji an ce sun saka hotonsa a ƙarshen shirin da addu'a. Ban kalla ba, ban ƙara shiga ɗakin da talabijin yake ba.

A ranar da abin ya faru, a bayan a-kori-kurar wani mai hatsi aka ɗauke mu zuwa asibitin Gwarzo, kansa a cinyata, mahaucin yana riƙe da ƙafafunsa don kada gargada ta jijjiga shi. Bai kai asibitin ba, a hanya ya cika. Kafin nan, jini ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan a kumbure. Ina goge masa da bakin zanina ina maimaita masa kalmar shahada, yana bina a hankali har ya kai ƙarshe. Na ɗauka shi ke nan ba zai ƙara magana ba. Sai ya laluba da hannunsa mai lafiya ya taɓa bakina, ya ji jini, ya ji gurbin haƙoran. Ya daɗe da yatsansa a wurin. Na sunkuya na kai kunnena kusa da leɓensa.

Ya ce, "Har da ke suka taɓa? Ki yafe min, Hajiya. Da na ji maganarki."